Ta'aziyyar Baffa: Fili Ɗaya, Takarda Biyu

Wanda ya rasu wan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa nake kiransa Baffa. Shi ya ɗauko ni daga Aujara ina da shekara tara, bayan rasuwar mahaifina, ya riƙe ni tare da 'yarsa tilo. Matarsa ita ce Inna, wadda ta yi mini abin da uwa take yi. Ƙanwar Baffa da mahaifina ita ce Gwaggo, kuma ita kaɗai ta rage a cikin su uku. Akwai wasu mutum biyu da ba jininmu ba ne, amma ƙaddara ta ɗaura su a tarihin gidanmu: wani masinja, da wani tsohon malamin makaranta mutumin Miga. Mai abu Ya karɓi abinSa ranar Talata da hantsi, a gidan hayar da muke zaune a unguwar Limawa ta Dutse, aka kai Baffa makwancinsa kafin la'asar.

Jama'a sun zo ƙwarai. Danginmu na Aujara sun iso da sandunansu, suka jingine su a bango, suka zauna a tabarma ɗaya suna ta maimaita cewa ɗan bokonsu ya tafi. Gwaggo ba ta yi kuka ba a ranar farko. Zama ta yi a bakin ƙofar ɗakinsa, duk wadda ta ce mata "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Haƙuri na nan, shi ne dai ba ya nan." Abokan aikinsa na dā suka yabi tsabtarsa da kiyaye lokacinsa. Ina zuba wa baƙi ruwa, sai na ji wani tsohon akawu, wanda suka yi aiki ofis ɗaya da Baffa, ya rage murya ya ce wa na kusa da shi, "Mutumin kirki ne. Allah dai Ya yafe masa maganar filin nan." Na kusa da shi ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗan Adam ajizi ne. Kowa da ranar da zuciya take kayar da shi."

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. An binne Baffa da sunan wanda ya karɓi na goro ya ba mutum biyu fili ɗaya. Bai yi ba. Na san bai yi ba, domin na san wanda ya jawo abin, kuma zan faɗa a inda ya dace. Amma ba za a fahimci laifin ba sai an san mutumin da irin aikinsa.

Baffa ya yi kiwo har ya kai shekara goma sha ɗaya kafin a sa shi makaranta. Daga nan ilimi ya kai shi Kano, inda ya yi aiki a ɗakin kwamfuta tun zamanin da ake huda kati a ba na'ura ta karanta. Da aka ƙirƙiri jiharmu, yana cikin ma'aikatan da aka dawo da su Dutse, lokacin da ofis guda yakan zama ɗaki biyu da benci. Ba ya taɓa kwamfuta sai ya wanke hannu. Ba ya rubuta komai a cikinta sai ya fara rubuta shi da fensir a takarda, ya bi shi layi-layi da yatsa kamar mai ƙirga shanu a bakin garke. Idan aka tashi aiki, yakan lulluɓe ta da wani tsohon zanen Inna. Inna takan ce ita dai ba ta taɓa ganin an yi wa ƙarfe lefe ba sai a gidan Malam.

A ƙarshen shekarun casa'in, wata ƙungiyar ma'aikata ta sami fili a bayan gari, ta yanka shi don raba wa mambobinta. Baffa mamba ne, shi aka roƙa ya rubuta manhajar rabon. Akawu uku ne suke zama a tebur uku, kowa da allonsa, amma duk suna haɗe da kwamfuta ɗaya mai riƙe da rajistar filaye. A cikin manhajar, aikin kowane akawu yana tafiya a kan layinsa, wanda masana suke kira zare. Na'ura ba ta gama da zare ɗaya kafin ta koma kan wani. Tsalle take yi a tsakaninsu cikin saurin da ido ba ya gani, kuma tana iya dakatar da zare a tsakiyar aikinsa ta juya ga ɗan'uwansa. Bayar da fili kuwa mataki uku ne: a nemo lambar da ba a ba kowa ba, a rubuta sunan mai ita, a sa alamar an bayar. Saboda haka Baffa ya sa kulle a kan rajistar. Duk zaren da zai taɓa ta sai ya riƙe kullen tukuna, sauran su jira, ya gama matakan nan uku, sannan ya saki.

A lokacin ina karanta ilimin kwamfuta a jami'a, shi ne ma ya zaɓa mini. Wata safiya muna karin kumallo na tambaye shi, me zai hana zare ya leƙa kawai, in ya ga babu kowa a kan rajista ya shiga, ba sai an yi ta wahalar kulle ba.

Ya ajiye ludayi ya ce, "A Aujara bayan gidanmu ba shi da ƙyaure. Me mutum yake yi kafin ya shiga?"

Na ce, "Gyaran murya."

Ya ce, "To ranar da mutum biyu suka taho ta fuska biyu, suka yi gyaran murya a lokaci ɗaya, kowa ya ji tasa bai ji ta wani ba fa?"

Inna ta ce, "Malam, abinci fa ake ci."

Ya ce, "Ilimi ake ci. Ka riƙe wannan: gyaran murya ba kulle ba ne. Dubawa da shiga dole su zama abu guda, in ka raba su ka bar ƙofa."

Haka yake koyarwa. Bai taɓa buɗe mini littafi ba sai ya fara kai ni ruga. Da na zo kan matsalar zare biyu da kowanne ya riƙe kulle ɗaya yana jiran na ɗan'uwansa, sai ya ba ni labarin wata rijiya ta ƙuruciyarsa. Guga ɗaya ce, kwamin shayar da dabbobi ma ɗaya. Wani makiyayi ya riga kowa ɗaukar guga, wani kuma ya riga kowa kewaye kwami da shanunsa. Mai guga ya ce ba zai ja ruwa ba sai an janye daga kwami, mai kwami ya ce ba zai janye ba sai an miƙo guga. Suka yi cirko-cirko tun hantsi har rana ta take, shanu suna kuka. Da ardo ya zo bai tambayi wa ya fi gaskiya ba. Doka ya kafa: guga tukuna, sannan kwami, wanda bai riƙe guga ba kada ya kusanci kwami. Baffa ya ce, "In kulle ya kai biyu, kowa ya ɗauke su a jeri ɗaya. Ardonmu bai san baƙi da wasali ba, amma na ga masu digiri da suka kasa gane abin da ya gane." Yakan ƙara da cewa wanda ya riƙe kulle kada ya tafi cin abinci da shi, ya yi abin da ya kawo shi ya saki.

Baffa ma ya sami filinsa a rabon farko. Duk Juma'a bayan sallah yakan ɗauki Inna a babur su je su gan shi. Babu komai a wurin sai duwatsun iyaka huɗu, amma Inna ta riga ta san inda madafi zai zauna da inda za a ɗaure akuya. Ta dasa zogale a kusurwar gabas, tana kai masa ruwa a jarka. Shekara ashirin da wani abu suna haya, daga Kano har Dutse.

Sau ɗaya na ga ya yi sa-in-sa da wani a wurin aiki. Shugaban ƙungiyar ne ya shigo yana faɗa, wai layi ya yi tsawo, akawu biyu suna zaune suna kallon allo yayin da na uku yake aiki. Ya ce, "Malam, mun sayi na'ura don sauri, ka mayar mana da ita jaki."

Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, jakin yana kai kaya gida."

"Ba za a iya cire wannan jiran ba?"

"Za a iya. Amma layi mai tsawo ya fi shari'a mai tsawo. In an matsa a cire, a nemi wani ya cire."

Shugaba ya fita yana cewa taurin kan Fulani ba ya jin boko. Baffa ya ci gaba da feƙe fensirinsa.

Yanzu na zo inda nake gudu. A shekarata ta uku a jami'a aka tura mu koyon aiki na wata shida, ni kuwa na yi nawa a ƙarƙashin Baffa. Ana saura kwana biyu a rufe rabo na biyu, mijin Gwaggo ya rasu, Baffa ya tafi Aujara. Ya ba ni kalmar sirrin shiga kwamfutar, ya ce, "In wuta ta ɗauke, ka tayar da janareta ka kunna ta. Iyakar aikinka ke nan."

Ranar ƙarshe mutane suka cika harabar, rana tana dukansu. Akawun nan da na ambata a farko ya dube ni ya ce, "Ɗan jami'a, ashe karatun naku na kallo ne? Baffanka ya ɗaure mu, kai ma ba ka iya kwancewa?" Sauran suka yi dariya. Da aka tafi sallar azahar na buɗe manhajar. Na ga matakin farko, wato neman lambar da ba a bayar ba, shi ne mai cin lokaci. Na ce a raina, nema ai karatu ne kawai, ba ya canza komai a rajista, me ya haɗa shi da kulle? Na fitar da shi waje, na bar rubuta suna da sa alama a ciki. Layi ɗaya na matsar. Na gwada sau ashirin a tebur ɗaya, ban ga aibu ba, kuma ba zan gani ba, tunda ni kaɗai ne a ɗakin. Kafin la'asar layi ya ƙare. Akawu ya saya mini tsire, ya ce na fi Baffana. Na ji daɗin maganar. Wannan ma ina so a rubuta.

Abin da ya faru a cikin na'ura a wannan yammaci ba shi da wuyar faɗa. Zaren tebur na farko ya nemo lamba ya ga babu mai ita. Kafin ya riƙe kulle, na'ura ta juya ga zaren tebur na uku, shi ma ya nemo lambar nan ya ga babu mai ita. Kowanne ya shiga a lokacinsa, cikin ladabi, ya rubuta sunan mutuminsa, aka buga takarda biyu. Sau ɗaya tak ya faru a cikin yinin, sau ɗayan kuwa ya isa.

An fi shekara ba a sani ba. Sai ranar da malamin nan na Miga ya zo da magini don a auna masa tushe, ya tarar masinja ya kai gini har taga. Kowa ya fito da takardarsa. Lamba ɗaya, rana ɗaya, hatimi ɗaya, babu ta jabu a ciki. Kafin mako ya zagayo, magana ta gama gari cewa mai kwamfuta ya sayar da fili sau biyu.

Ranar da labari ya iso gida, Baffa ya dawo da wata doguwar takarda da ya bugo daga na'ura. Bayan la'asar ya kira ni zaure. Ya ce, "Ranar da nake Aujara, ka taɓa wani abu a cikin manhajar?"

Jarrabawar ƙarshe tana gabana. Na san in ofis ya rubuta wa jami'a abin da na yi, karatuna zai iya tsayawa a nan. Na ce, "Ban taɓa ba, Baffa. Kunna ta kawai na yi."

Ya dube ni, ba da fushi ba. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Ya ce, "To, shi ke nan. Je ka ɗebo wa Inna ruwa." Bai sake tambayata ba har ya bar duniya.

Lokacin an fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar, mutane suna cika kotu don kallo. Ina tsaye a baya ranar da aka kira shi. Ya yi ƙoƙarin bayyana wa alƙali zare da kulle, har ya kawo misalin rijiya, jama'a suna ƙus-ƙus suna murmushi. Alƙali mutum ne mai natsuwa. Ya ce, "Malam, na'urar nan tana karɓar na goro?"

Baffa ya ce, "Ba ta karɓa, Allah Ya gafarta Malam."

"Tana mantuwa?"

"Ba ta yi. Abin da aka rubuta mata take bi."

"To wa ya rubuta mata kuskure?"

Ya ce, "Aikina ne. Da sunana aka karɓe shi."

Malamin Miga ya miƙe ya ce shi bai san na'ura ba, fili ya sani, kuma ya yi shekara talatin yana riƙe alli kafin ya same shi. Masinja ya ce in aka rushe masa gini, sai dai a rushe da shi a ciki. Ba a sami shaidar cin hanci ba, alƙali ya ba da shawarar sulhu. Filayen ƙungiya kuwa sun ƙare. A nan Baffa ya ce a ba malamin filin da shi ya samu a rabon farko.

Da ya faɗa wa Inna, sai ta ce, "Da zogalen?" Ya ce, "Da zogalen." Ta tashi ta shiga madafi.

Ni na ɗauka kyautar za ta wanke shi. Sai ta zama ita ce hujja a kansa. Mutane suka ce, in ba shi da laifi me ya sa ya ba da nasa? Ƙungiya ta karɓe aikin daga hannunsa. A ofis aka mayar da shi wani tebur da babu na'ura a kai, bayan wata huɗu ya ajiye aiki, saura shekara uku lokacinsa ya cika. Shi ne yake riƙe da makullin ɗakin ajiyar masallacin unguwa tun zuwanmu Limawa. Wata rana dattawa biyu suka zo, suka yi doguwar gaisuwa, suka ce suna so su hutar da shi. Ya ciro makullin daga zaren da yake ɗaure shi, ya miƙa da hannu biyu, ya raka su har bakin titi. Bai fasa sahun farko ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai canza mini fuska ba. Aikin kammala digirina a kan kulle na yi shi, shi ya bi shi da fensir shafi-shafi. A wani wuri ya ja layi ya rubuta a gefe: "Gwaji a tebur ɗaya ba gwaji ba ne." Na karanta, na gyara. Na ce a raina zan faɗa masa gaskiya bayan jarrabawa. Da na gama, na ce bayan bautar ƙasa. Da na dawo, na ce sai na sami aiki, in zo masa da maganar tare da abin da zan fara saya masa wani fili. Ana cikin haka hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Wata biyu ina juya shi, ina ba shi kunu a cokali. Na ce sai ya warke.

Ranar sadakar uku Inna ta aika a kira ni ɗakin da take takaba. Ta buɗe adakarsa ta ciro doguwar takardar nan, ta yi laushi saboda naɗi. An zagaye layi ɗaya da fensir. A saman shafin akwai ranar da aka yi wa manhajar gyara na ƙarshe, wadda na'ura take rubutawa da kanta. Ranar da yake Aujara ce.

Na ce, "Inna, ya sani?"

Ta ce, "Tun kafin ya kira ka zaure."

"Ke ma kin sani?"

"Ni na ce ya faɗa wa alƙali. Mun yi kwana uku ba ma magana, abin da ba mu taɓa yi ba. Ya ce shi ya ba ka kalmar shiga, kuma amanar ƙaninsa ce kai. Na ce to ko a gida ya tsare ka ka amsa. Ya ce a'a, maganar a hannunka take, kai za ka sake ta, in aka ƙwace ba ta da amfani a gare ka. Duk ranar da ka shigo ka zauna kusa da shi, in ka fita sai ya ce mini, yau ma ya kusa."

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa, na miƙe a gaban maza na faɗi duk abin da na rubuta a nan. Na yi bayanin matakai uku da layin da na matsar. Sai tsohon akawun nan ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, yaro. Haka ɗa nagari yake yi, ya ɗauki kayan ubansa ya aza a kansa. Allah Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa masa." Jama'a suka ce amin. Na ce ba rufa asiri nake yi ba, ga takarda, ga rana. Liman ya dafa kafaɗata ya ce in zauna, zafin rashi ne. Da Baffa yana raye, da kai ɗaya zai gyaɗa a yarda da ni.

Malamin Miga ne kaɗai ya tsaya bayan an watse. Ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce shi har yanzu bai gane zaren nan ba. Ya ce, "Amma na yarda. Sau uku Baffanka yana zuwa ina gini, yana nuna wa magini inda ruwa yake kwanciya da damina. Ɓarawo ba ya yin haka."

Gwaggo ta ji daga cikin gida. Da na shiga ta ce, "Shekara uku kana sa hannu a akushinsa da wannan magana a cikinka?" Na ce e. A ranar ta yi kukan da ba ta yi ba tun farko. Ta koma Aujara washegari ba ta yi mini sallama ba.

Na rubuta wannan dalla-dalla domin wanda ya san aikin ya karanta ya gane cewa kullen Baffa daidai yake, ya kuma faɗa wa wanda bai sani ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi gidan da ba a raba wa mutum biyu, Ya ba Inna haƙurin zama da ni.

Waɗanda suka yarda da ni zuwa yau, ban da Inna: mutum biyu, malamin Miga da Gwaggo.

Abin da aka rasa: fili ɗaya. Shekara uku na aiki. Makulli ɗaya. Suna ɗaya. Baffa.